Notin Bel ɗin Direba

Turo motar aka yi har cikin gidan Tela, domin batirinta ya mutu tun ba yau ba. Ta Kawu ce, ƙanen matarsa. Ya ce ta gaji da shi, shi ma ya gaji da ita, duk mai so ya ɗauka. Injinta dai lafiya lau yake, bakanike ya duba ya tabbatar. Jikin ne abin tausayi. Rana ta ƙone fentin rufi da na bonet har ya koma kamar bayan tsohuwar tukunya, ƙofar baya ta lotsa, tsatsa kuma ta bi ƙasan ƙofofin duka ta yi musu ado.

Ba don kansa Tela ya karɓe ta ba. 'Yarsa ta fari ce ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti can ɗaya gefen gari, za ta fara a farkon wata mai kamawa. Hanya ɗaya ce ke zuwa asibitin, wadda manyan motocin kaya ke bi. Tun da aka kira ta aka ce an ɗauke ta, Tela bai ƙara ɗinka wuyan riga hankalinsa kwance ba. Yana kan keken ɗinki sai ya hango ta a bayan babur ɗin haya, an matse ta tsakanin tirela biyu. Ta taɓa faɗowa daga babur tana makaranta, tabon yana nan a gwiwar hannunta, kuma duk lokacin da ta miƙa masa kofi sai idonsa ya sauka a kai.

Dama shi mutum ne mai yawan tsoro. Yakan koma ya taɓa kwaɗon shago bayan ya kulle, ya yi 'yar tafiya, ya sake dawowa ya taɓa. Matarsa ta ce da tsoro sana'a ce da tuni sun gina bene.

Yarinyar ta iya tuƙi, tana da lasin. Abin da ya rage shi ne motar ta yi kama da mota. Masu gyaran jiki sun ce layi gare su, sai bayan wata da wani abu. Tela ya ce shi zai yi.

"Kai?" in ji Kawu, yana dariya har da dafa bango. "Yaya, mota fa ba wando ba ce, da za ka rage mata ƙugu."

"Duk layi ne," in ji Tela. "In ka san layi ka san layi."

Daga nan wayarsa ta zama malaminsa. In babu mai jiran ɗinki sai ya jingina ta da keke, ya yi ta kallon mutane suna goge mota, suna shafa foti, wato farin kwaɓin nan da ake cike lotsa da shi, ya bushe ya yi tauri. Yana tashi daga shago da la'asar ya dawo gida, ya tuɓe riga ya sa tsohuwar singileti, ya ɗauki sanfefa. Tsakar gida ya cika da farar ƙura. Ta hau igiyar shanya, ta hau murfin randa, ta hau girarsa har ya zama kamar kakan kansa.

"Baban yara, jiya na share, yau na share," in ji matarsa. "Gobe kai za ka share."

"Saura kaɗan."

"Haka ka ce wancan satin."

Ya yi kurakurai irin na sabon shiga. Kwaɓin farko ya zuba masa maganin bushewa da yawa, kafin ya kai shi jikin mota ya sandare a kan katako. Na biyu ya rage maganin, ya kwana bai bushe ba, sai da ya kankare shi da wuƙa. Amma da hannunsa ya faɗa, sai aikin ya fara yi masa daɗi. Ya gano cewa tafin hannu ya fi ido ganin tudu da kwari, kamar dai yadda yake shafa kafaɗar kwat ya ji inda ta tattare. Ƙofar bayan nan da ta lotsa, ya bubbugo ta daga ciki da guduma da guntun katako, ya shafa foti, ya goge, ya sake shafawa, har layin da ya taso daga fitilar gaba ya tafi ɗoɗar zuwa ta baya.

Da ya zo kan cikin ƙofofi, sai ya kwance bel ɗin kujeru don kada fenti ya taɓa su. Na gefen fasinja ya fita lafiya. Na direba kuwa, notin da ke riƙe shi a ƙasa, a gindin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ya ƙi juyawa. Ya sa mai, ya ƙara ƙarfi. Sai notin ya fito gaba ɗaya da uwarsa, wato ƙarfen da yake murɗuwa a ciki, da wani ɓangare na ƙarfen wurin. Ya sa yatsa, ƙarfen ya rududduge kamar busasshen ganye. Rami ya buɗe, wanda yatsu uku za su shiga.

Tela ya dubi ramin, bai ji tsoro ba, domin ya san irinsa. Riga in ta huje, ba a ɗinke bakin hujin haka kawai. Ƙyalle ake sa mata ta ciki, a bi ta sama da zare mai launinta, mai ita ma sai ya nema kafin ya gani. Ya yanko ragar waya ya cusa ta ciki, ya cika wurin da foti, ya dasa uwar notin a tsakiya tun kwaɓin yana ɗanye, ya daidaita ta da idon tela. Da ya bushe ya goge. Ranar da Kawu ya leƙo, ya ce masa ya nemo inda aka yi faci a gefen nan. Kawu ya durƙusa ya shafa ya shafa, ya rasa.

"Lallai Yaya. Na janye maganar wando."

Launi yarinyar ce ta zaɓa, shuɗi mai duhu. Tela ya ari injin iska da bindigar feshi wajen wani kafinta da yake yi wa ɗinki. Ya kewaye motar da leda ya yi mata ɗaki, ya manne jarida a gilasai, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya kafa dokar hana shara da shanya da hura wuta har sai ya gama. Feshin farko ya matsa kusa da yawa, fenti ya zubo a bonet kamar hawaye. Ya jira ya bushe, ya goge, ya sake. A karo na biyu ya riƙe hannunsa daidai, yana tafiya da bindigar kamar yana bin layin alli. Wani ƙwaro ya faɗa rufin ya mutu a ciki, ya ciro shi da allura.

Da aka yaye ledar, har maƙwabta suka shigo kallo. Mutum na ganin fuskarsa a ƙofa. Yarinyar ta zagaya motar tana tafa hannu, ta ɗauki hoto ta gaba, ta ɗauka ta gefe, ta sa uwarta ta tsaya a jiki, ta aika wa ƙawayenta da waɗanda za ta yi aiki da su.

"Baba, wallahi ba wanda zai yarda a tsakar gida aka yi ta."

"To kada ki faɗa musu," in ji uwar. "Kada su kawo mana tasu."

Ranar Asabar da safe, ana jibi za ta fara aiki, Tela bai buɗe shago ba. Ya tsaya mayar da abubuwan da ya kwance: madubai, hannayen ƙofa, robobin gilas, lamba. Ya sa mata sabon batir. Yarinyar ta tafi karɓo farar rigar aikinta, uwar tana kicin. Ya ɗaura bel ɗin direba, ya ɗaure notin da sifana har ya ji ya tsaya. Ya ja da hannu, yana nan daram.

Da wani ne, da ya tashi ke nan. Shi kuwa sai ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya matso da ita gaba daidai tsawon 'yarsa, ya ɗaura bel ɗin. Ya riƙe sitiyari. Ya ce a ransa, to ga tirela ta tsaya a gabanta ba zato, ta take birki. Ya wurga jikinsa gaba da ƙarfi.

Wani abu ya ce ɓas a gefen ƙugunsa, ƙirjinsa ya daki sitiyari, hon ya yi 'yar ƙara.

"Lafiya?" in ji matarsa daga kicin.

"Lafiya. Hon nake gwadawa."

Ya dubi ƙasa. Notin yana kwance kusa da ƙafarsa, da dunƙulen foti manne a jikinsa kamar ƙullin gari, ga ragar waya ta leƙo. Bel ɗin ya saki, yana lilo a cinyarsa.

Ya jima a zaune. Shi da ba shi da wani nauyin kirki, a mota tana tsaye, a tsakar gidansa, ga abin da ya faru. Ya fito ya durƙusa ya duba. Ta waje babu abin da ya nuna, fentin yana nan yana sheƙi. Ramin ta ciki yake, inda roba za ta rufe. Akwai sauran foti a gwangwani. Ya ɗauko gwangwanin, har ya sa sukuddireba ya ɓalle murfin, yana gaya wa kansa cewa wannan karon zai ninka ragar, ya zurfafa notin, kuma yarinyar ai ba ta gudu. Warin kwaɓin ya bugi hancinsa. Ya tsaya da katakon kwaɓi a hannu.

A haka matarsa ta same shi. Ta dubi gwangwanin, ta dubi notin da ke ƙasa.

"Ba ka ce an gama da wannan abin ba?"

Ya ɗauki notin ya miƙa mata. Ta jujjuya shi, ba ta gane ba.

"Shi ke riƙe bel," ya ce. "In ta yi karo, shi zai hana ta fita ta gilas. A cikin foti na dasa shi."

"Foti ba ƙarfe ba ne?"

"Kamar alli ne, Maman yara. Ado ne kawai. Faci na yi mata kamar riga."

Ta ajiye notin a kan bonet, ya yi sauri ya ɗauke don kada ya karce fenti. Ta ga haka ta girgiza kai.

"To rufe gwangwanin nan tukuna," ta ce. "Ka je ka kira Mai walda."

Mai walda a bakin layinsu yake, abokin hirarsa ne, Tela ne ke ɗinka wa 'ya'yansa kayan makaranta. Ya zo da ƙaramar guduma a aljihu. Ya kwanta a kan kwali ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can. Inda ƙarfe ke da rai sai ya yi ƙara, inda ya mutu sai ya ce dif. Ya zagaya ya gwada gefen fasinja, ya ce wannan lafiya yake. Ya dawo.

"Tsatsar ta bi dokin ƙofar nan ta ciki, kusan kamu biyu. Sai na yanke na sa sabon ƙarfe, in dasa notin a kansa."

"Ta ciki za ka yi?"

"Hannuna ba zai shiga ba. Ta waje zan buɗe."

Tela ya dubi gefen motar. "Fentin fa?"

"Zai ƙone. Nan duka, da ƙasan ƙofofin biyu. Wuta ba ta san sabo ba." Ya goge hannu a wando. "Amma ka iya fenti, mutumina. Har na ji kunyar in taɓa."

"Za a iya sake fesawa kafin jibi?"

"Yau in yanke, gobe in gama. Ka shafa fentin ƙasa mai ruwan toka don kada ta sake tsatsa. Shuɗin sai ka samu wani hutun. Kuma kafinta ya karɓi injinsa, na gan shi da shi jiya."

Suna cikin haka yarinyar ta shigo da farar rigarta a leda. Ta ga Mai walda, ta gaishe shi, ta ga fuskar ubanta, sai ta rage murya.

"Baba, me ya faru?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba. Ya nuna mata notin, ya nuna mata inda za a yanka, ya zana da yatsa a iska ba tare da ya taɓa fentin ba.

"A yanka? Wannan?" Ta dafa ƙofar. "Haba Baba. Wata guda kana shan ƙura. Tari kake yi har yanzu."

"Tarin zai wuce."

"To a bari in fara aikin tukuna. Sati ɗaya kawai. Kowa ya ga hotonta, in je musu da mota rabi shuɗi rabi toka, kamar an ƙone ta a tarzoma? A hankali zan riƙa tafiya, wallahi. Ni da ko a fili ba na wuce giya uku."

"Ke za ki tafi a hankali. Na bayanki fa?"

"Mutum nawa ke ɗaura bel ɗin ma? Kawu shekara nawa yana jan ta, ya taɓa ɗaurawa?"

"Kawunki tumbinsa ne bel ɗinsa," in ji uwar daga bakin ƙofa. Mai walda ya tuntsire da dariya. Yarinyar ba ta yi ba.

"To shi ke nan," ta ce. "A bar ta a gida har ka samu lokacin yin komai gaba ɗaya. Ni in hau babur kafin nan."

Ta san inda ta taɓa. Tela ya zauna a kan wani bokiti da ke kife, ya sa hannu biyu a gwiwa.

"Uwata," ya ce, haka yake kiranta in maganar ta yi nauyi. "Ni ban iya magana mai tsawo ba. Ban ɗauko motar nan don a ce ta yi kyau ba. Ni ne na shagala da kyan, har na manta abin da ya sa na kawo ta. Ba za ki hau babur ba, ba kuma za ki ja ta da bel na ƙarya ba. In kunya ce, ki ce musu babanki ne ya yi, tela ne, bai san mota ba. Gaskiya ce ai."

Ta kalli fuskarta a jikin ƙofar. Sannan ta zaro waya ta ja baya kaɗan, ta ɗauki gefen direba hoto ɗaya.

"A yanka," ta ce, ta shige ɗaki.

Mai walda ya koma ya jawo injinsa a baro. Ya cire kan batir, ya sa aka fitar da kujera da kafet, aka jiƙa tsofaffin buhuna aka lulluɓe abin da za a iya lulluɓewa. Ya ɗauki alli zai zana inda zai yanka, Tela ya karɓe allin.

"Kawo. Layinka ba ya miƙewa."

Ya zana layin da kansa a kan sabon fentin, ya miƙe sak. Da injin yanka ya taɓa wurin, sai Tela ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a cikin kwali. Da aka ɓalle ƙarfen, tsatsa ta zubo ta cika tafin hannu biyu, da guntayen fotinsa a ciki. Mai walda ya ture su gefe da ƙafa.

Washegari da rana aka gama. Sabon ƙarfe mai kauri ya zauna, an dasa uwar notin a kansa da wuta. Fentin kewayen ya kumbura ya yi baƙi, ya tattare kamar fatar da ta ƙone. Tela ya kankare, ya goge, ya shafa ruwan toka da buroshi. Facin ya taso daga tsakiyar ƙofar gaba har tsakiyar ta baya, ana hango shi daga bakin titi. Kawu ya zo ya gani, ya buɗe baki zai yi magana, yayarsa ta harare shi, sai ya ce ai toka ma launi ne.

Aka mayar da kujerar, aka sa Kawun ya zauna a kai, tun da ya fi kowa nauyi, ya ɗaura bel ɗin da ƙyar, ya yi ta wurga jikinsa gaba har motar tana rawa. Notin bai motsa ba. Tela ya ce ya ƙara. Kawu ya ce shi ba buhun gwaji ba ne, ya fita.

Ranar Litinin da safe yarinyar ta fito cikin farar rigarta. Ta dubi facin sau ɗaya, ta shiga. Tela ya riga ya buɗe ƙofar gida, ya zagaya ya shiga gefen fasinja.

"Ina za ka, Baba?"

"Bakin titi kawai. Zan sauka wajen shago."

"Shagonka ba ta nan yake ba."

"Zan zagaya."

Ta ɗaura bel, shi ma ya ɗaura. Ta fito a hankali. Layin babu kowa sai wani mai ruwa can nesa. Ta ɗan ƙara wuta, ta duba madubi, sannan ba tare da ta gaya masa ba ta take birki da ƙarfinta duka. Tayoyi suka yi ƙara. Bel ya cafke ta a kafaɗa, ya cafke shi, jakarta ta zame daga kujerar baya ta faɗi ƙasa.

"Innalillahi! Ke!"

"Ka gani?" ta ce, tana dariya. "Ya riƙe."

Tela ya dafe ƙirji yana mayar da numfashi. Ya miƙa wuya ta bayan kujerarta ya leƙa gindin ginshiƙin. Notin yana inda aka dasa shi.

"Ya riƙe," ya ce. "To sauke ni a nan. Kuma in kin isa ki kira."